Gurbin da babu suna a takarda ba shaidar zina ba ne

Wani jadawalin salsalar dangi da ake ta yawo da shi ya ɓata min rai. Yaro ya zana zuri'arsu har kaka na huɗu, ya iso kan wani dattijo da ya daɗe a kabari, bai ga sunan ubansa a rajistar makaranta ba, sai ya rubuta a gefe wai "ba a yi auren uwarsa ba", ya watsa wa duniya. Jikokin mutumin nan suna raye, suna da 'ya'ya mata da ake neman aurensu. Gurbin da babu suna a takarda ba shaida ba ne, jama'a.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar rajistar elamantare ya san da sunan gari ake rubuta yara. Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk da sunan garuruwansu aka san su, kuma iyayensu sanannu ne. Takardar haraji magidanta maza take lissafawa, mace da jariri ba sa ciki. Rajistar haihuwa ta dole ga kowa a Najeriya sai da dokar 1979 ta zo, har yau ma ƙauyuka da yawa ba a yi. To wanda aka haifa a 1930, a wace takarda kake sa ran ganin sunan ubansa?

Sai kuma al'adunmu da ke rikita mai bincike. Agola yakan tashi da sunan mijin uwarsa. Ɗan riƙo yakan ɗauki sunan kawu ko baffan da ya rene shi. Ɗan fari, saboda alkunya, uwarsa ba ta kama sunansa, sau da yawa ma a gidan kakanni yake girma, har baƙo ya ɗauka ƙanen uwarsa ne. Ɗan kwarkwara kuwa halattaccen ɗa ne a shari'a, yana cin gadon ubansa, sarakuna da dama ta nan suka fito. Kowanne daga cikin waɗannan yakan bar gurbi ko saɓanin suna a takarda, kuma babu zina a ko ɗaya.

Na ga masu cewa ai tarihi ne, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Wace gaskiya? Zato ne aka yi masa ado. Suratun Nur aya ta 4 ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, rasuwarta kuma ba ta halatta maka mutuncinta ba.

In da gaske bincike kake so, fara da tsofaffin mata, gwaggo da inna da kishiyoyin kaka, kowacce ita kaɗai, kada a haɗa su zama ɗaya domin za su daidaita baki. Kada ka ce "wane ne ubansa?" Ka tambayi wa ya yanka ragon suna, wa ya raɗa masa suna, a ɗakin wa aka yi wankan jego, wa ya karɓi sadakin uwar, wa ya yi masa walicci ko wakilci, da kuma ko an ba shi kaso ranar rabon gado. Rabon gado shi ya fi komai nauyi: wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba yana gadon uwarsa da danginta, ba ya gadon namijin. In ka tarar an yanka masa gona tare da 'yan uwansa, alƙali da malaman lokacin sun karɓe shi ɗa, magana ta ƙare.

Wurin da aka fi tafka kuskure shi ne lissafin watanni. Malamai sun haɗa wata 30 na Suratul Ahƙaf da shekara biyu na shayarwa a Baƙara, suka fitar da wata shida a matsayin mafi ƙarancin ciki. Duk ɗan da aka haifa wata shida ko fiye bayan ɗaurin aure na mijin ne. A mazhabar Malikiyya kuma akwai kwantaccen ciki, wanda ake jingina wa tsohon miji ko da shekaru sun shuɗe bayan saki, yana ma cikin hujjojin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta saki Amina Lawal, wadda aka yanke wa hukuncin jefewa bisa zargin zina, da su a 2003. Kai da ba ka san watan auren ba, ba ka san watan haihuwar ba, da me ka auna? Tsofaffinmu da aukuwa suke ƙidaya: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, yunwar Kakalaba ta 1914, zuwan Sarauniya a 1956. Wannan yakan kai ka shekara, ba ya kai ka wata. Ga shi shekarar Hijira ta gaza ta Bature da kwana 11, in ka gauraya su lissafi ya karkace.

Masu cewa a yi gwajin DNA a huta, ku sani yawancin waɗanda ke cikin rumbun bayanan kamfanonin gwajin Turawa ne, da wuya Bahaushe ya samu dangi na kusa. Auren zumunci kuma yana kumbura adadin DNA da dangi ke haɗawa: 'ya'yan wa da ƙane sukan haɗa kusan santimogan (ma'aunin kusancin jini a gwajin) 850, amma a gidan da aka daɗe ana auren gida, na nesa ma yakan fito kamar na kusa. Sannan gwaji ba ya gaya maka ko an ɗaura aure ko ba a ɗaura ba.

In ma bincike ya tabbatar ba ta hanyar aure aka haifi mutumin ba, ka rubuta shi ƙarƙashin uwarsa, ka bi layinta, domin nasabarsa ta wajenta cikakkiya ce. Laifin da bai aikata ba ba ya hawa kansa, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ma ya hana tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Takardar ta zauna a gida, hannun babba ɗaya.

Wani abin da ke damuna ma, takardun gado da na cinikin gona da alƙalai suka rubuta da Larabci da ajami suna nan cikin adakar tsofaffi, gara da damina suna cin su. Ku ciro su ku ɗauki hoto gaba da baya a hasken rana, ban da fitilar waya, ku sa tsakanin farar takarda mai kauri. Kada a liƙa musu salatef, kada a kai su a manne da leda, zafin injin yana lalata tawadar.