Zagin da kuka yi mata shi ne abin da take aunawa

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake kan abin da aka yi wa baiwar Allahn nan mai binciken ra'ayin jama'a. Ba ta daɗe da gama digirin digirgir ba, ta fitar da aikinta kan yadda magoya bayan jam'iyyu ke ƙin juna, kawai sai aka yi mata caa, wannan ya ce an saye ta, wancan ya ce 'yar koren abokan hamayya ce, kuma kowane ɓangare yana rantsuwa cewa ta ɗaya ɓangaren ce. Na zauna na karanta maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya tambayi yadda ta tsara tambayoyinta ba.

To ai abin da take aunawa ke nan jama'a! Gabar da ta wuce saɓanin manufa ta zama tsanar mutum. Masanin kimiyyar siyasa Shanto Iyengar da abokan aikinsa sun nuna haka a Amurka tun 2012: a 1960 wajen kashi 5 cikin 100 ne suka ce ransu zai ɓaci in ɗansu ya auro daga ɗaya jam'iyyar, zuwa 2010 kusan rabin 'yan Republican da kashi ɗaya cikin uku na 'yan Democrat suka faɗi haka. Aure fa! Kun zage ta don ta ce akwai gaba, kuma da bakinku kuka nuna mata gabar.

Masu cewa "mutum nawa ta tambaya, ni ai ba a tambaye ni ba", haba don Allah. Likita na zuƙe jinin jikinka kaf kafin ya gane ciwonka? A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi sama da miliyan 2 ta ce Alf Landon zai kada Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa, mai binciken ra'ayin jama'a George Gallup ya tambayi mutanen da ba su kai ko kusa da haka yawa ba amma aka zaɓo su da tsari ya ce Roosevelt ne, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. In kana da ja, yi ja kan yadda ta zaɓo mutanen, zagi kuma sai dai ya ƙara mata hujja.

Abin da ya fi damuna, irin waɗannan matasan yawanci ba su da kujerar dindindin a jami'a, ɓata suna ɗaya zai iya sa mutum ya ajiye aikin. Kuma don Allah in mai bincike ya kira ku a waya ku daina kashewa a kunnensa, minti goma ne, ku amsa masa ko ku ce a'a cikin mutunci.