Dagi Kaɗai Ba Ya Yin Zane

Jama'a, wata ɗabi'a ta fara yawa a wurin matasanmu masu zane da fenti. A shafe ƙyalle da launi ɗaya, a dasa dagi a tsakiya, a kewaye shi da alwatika uku ko huɗu, sai a ce zanen zamani ne mai ɗauke da al'ada. Ni kam ban gamsu ba. Alama ba ta magana sai an san inda aka ajiye ta, an kuma fitar da bakinta tsaf.

Ku dubi Kazimir Malebich na Rasha. A 1915 ya zana baƙin murabba'i a kan farin fili, ƙyallen ko mita ɗaya bai kai ba. Da ya tashi nuna shi a birnin Petrograd (Saint Petersburg a yau) sai ya rataye shi can sama a kusurwar ɗaki, inda Rashawa ke ajiye hotunan ibadarsu. Wurin ne ya ba shi nauyi. Yau yana gidan adana zane na Tretyakov a Mosko, baƙin ya tsattsage kamar fadama da rani, har ana hango launukan zanen da ya danne a ƙasa.

Maginan Zazzau da na Kano sun daɗe da sanin wannan. Dagin da ke saman ƙofar zaure tudu ne a jikin bango, rana ke ba shi inuwa, da hantsi daban, da la'asar daban. Idan ka kwashe shi ka kai kan ƙyalle, inuwar ta tafi, dole launi ya maye gurbinta. Sannan dagi saƙa ce: igiyar da ta hau a wannan mahaɗa dole ta shige ƙasa a ta gaba. Da yawa suna karya wannan ƙa'idar, sai dagin ya koma kamar tabarmar da ta warware. Ka fara tsara shi da fensir a takarda mai gidaje, ka bi igiyar da yatsa har ta dawo inda ta taso.

Sai batun bakin layi, inda ake gane gwani. Ka shafa farin share fage sau uku, kana gogewa da samfefa mai laushi tsakani, in ba haka ba ramukan saƙar ƙyallen za su ba fenti hanya. Ka manna salatif na takarda, ka danne bakinsa da farce, sannan ka bi bakin da launin da ke ƙasa tukuna. Shi zai toshe kafofin, duk abin da ya zurara ba zai nuna ba. In ya sha iska sai ka sa sabon launin, shafi biyu marasa kauri. Ka ɗaga salatif a karkace tun fentin bai gama ƙamewa ba, domin in ya bushe ƙayau zai taho da ɓawon fentin.

Akirilik, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, yana ƙara duhu idan ya bushe, kuma da hunturu 'yan mintuna kaɗan ya isa ya ƙame a burushi. Saboda haka ka haɗa launin da zai ishe ka gaba ɗaya a mazubi mai murfi, don haɗi na biyu da wuya ya dace da na farko. Fentin mai yana zama a kan akirilik, amma akirilik a kan na mai saɓulewa yake yi.