A daina sanya wa Dakta Mabuse rigar Hitler

Tun da fim ɗin Jamus mai suna Dakta Mabuse ya cika shekara 100 a 2022, masu sharhi suka dawo da tsohuwar waƙarsu, wai daraktansa Fritz Lang ya hango zuwan Hitler ne. Wannan magana ta samo asali daga littafin da mai sharhin finafinai Siegfried Kracauer ya fitar a 1947, bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu kowa ya san yadda abin ya ƙare, kuma har yau ana maimaita ta kamar karatun haddar da ba a san ma'anarsa ba.

Duk wanda ya daure ya zauna sa'o'i fiye da huɗu yana kallon wannan fim marar magana ya san cewa kuɗi ne a gaban Mabuse, ɗan damfarar da labarin ya ginu a kansa. Aikinsa na farko shi ne ya sa yaransa su sace takardar wata yarjejeniyar kasuwanci a cikin jirgin ƙasa. Da labarin ya bazu, farashi ya faɗi warwas a kasuwar hannun jari, attajirai suna ta ihu suna rige-rigen sayarwa, shi kuwa yana tsaye yana saye a arha. Sai ya sa aka tsinci takardar ba a ko buɗe ta ba, farashi ya sake tashi, ya sayar ya kwashe riba. A ƙarƙashin ƙasa kuma yana da makafi da ke masa aikin jabun kuɗi, domin ba za su iya ba da shaida a kansa ba. Da dare yana shiga gidajen caca da fuskoki daban-daban, yana juya hankalin 'ya'yan masu kuɗi da kallon ido har su zubar da dukiyarsu a kan karta.

Wannan ita ce Jamus ta 1922, lokacin da darajar kuɗin ƙasar ke narkewa, har ta kai a watan Nuwamban 1923 dala ɗaya ta haura mak (kuɗin Jamus) tiriliyan 4. Lang da kansa ya kira kashi na farko na fim ɗin hoton zamani, wato zamanin da yake ciki.

Masu kafa hujja da cewa Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya haramta wani fim na Mabuse da Lang ya sake fitowa da shi a 1933 suna cakuɗa ayyuka biyu ne da shekara 11 ke tsakaninsu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, wannan fassara ta hangen Hitler tana wanke jama'a daga laifi, alhali kwaɗayi da zaman banza ne suka cika gidajen cacar da Mabuse ke farauta a cikinsu. Ya kamata masu shirya bukukuwan finafinai da malaman jami'a su riƙa gabatar da fim ɗin tare da tarihin hauhawar farashi na wancan lokaci, su bar Kracauer ya huta.