Agogon Mickey Mouse ya girmi kayan wasan da muke gani a kasuwa

Mutane da yawa a Kaduna suna ɗauka cewa agogon hannu mai hoton katun sabon kaya ne da ake shigo da shi daga ƙasar Sin domin yara, shi ya sa ko sun ci karo da tsohonsa a cikin kayan gwanjo na Kasuwar Barci ba sa ko waiwayarsa. Wannan fahimta ba daidai ba ce. Tun a shekarar 1933 kamfanin Ingersoll-Waterbury na Amurka ya fitar da agogon Mickey Mouse, wato wani ɓera na katun, wanda hannayen ɓeran ne suke nuna awa da minti, kuma cinikinsa ne ya ceto kamfanin daga durƙushewa a zamanin matsin tattalin arziki. Wannan kamfani ne daga baya ya koma Timex.

Sai dai ba kowane tsoho ne yake da daraja a wajen masu tara irinsu ba. Na farkon murɗa su ake yi da hannu kafin su yi aiki, domin agogon hannu mai batir bai shiga kasuwa ba sai 1957. Mai tarawa yakan duba sunan kamfani a fuskar agogon, ya tabbatar maɗaurin na asali ne, kuma wanda ya zo da kwalinsa na ainihi yakan fi tsada nesa ba kusa ba.