Raba wa asibitoci kwamfuta ba shi ne ƙarshen aiki ba

Wani labari da na ji ya ce za a raba wa ƙananan asibitoci kwamfutoci don a daina ajiye bayanan marasa lafiya a fayil ɗin takarda. Madalla, amma wa ya yi lissafin wuta? Kwamfutar tebur da allonta kan ci wat 100 zuwa 150, laftof kuwa cajarta 45 zuwa 65 ce, ga batirinta a jiki. Inda sola ce kaɗai abin dogaro, laftof ta fi. In ta tebur ce dole a haɗa mata UPS, wato na'ura mai batiri da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, shi ma ƙarami mai ƙarfin 650VA mintuna kaɗan yake riƙewa, na a adana aiki a kashe ne kawai. Ɗaukewar wuta ana tsaka da shigar da bayani ita ke lalata rumbun bayanan.

Akwai wani ƙaramin batiri mai kamar kwabo a cikin kwamfutar, CR2032. Shi ke riƙe agogon kwamfutar idan ba wuta, idan ya mutu agogon sai ya koma baya, sakamakon gwajin jini ya fita da kwanan wata na ƙarya, a rasa wanne ne na jiya wanne ne na bara. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ba a tuna shi.

Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar da ke sanyaya kwamfutar, injin ya yi zafi ya dinga mutuwa da kansa, sai a riƙa hure ta. A kwafi bayanai kullum a wani faifai daban da ba ya kwana a jone. Kowane ma'aikaci ya samu kalmar sirrinsa, a kuma hana cusa filashin kowa da kowa, don ta nan bairos, wato muguwar manhaja mai lalata bayanai, ke shiga.