Ƙarfen sabis kuke tsoro, ga yashin kuza a bangon ɗakinku

Ranar Asabar ɗin da ta wuce bayan la'asar aka kira taro a unguwarmu nan cikin Jos, wai za a rubuta takardar ƙorafi kan wani ƙarfen sabis da ake shirin kafawa a bayan layinmu. Na tafi ina zaton maganar ƙarar janareto za a yi, ko hayaƙin dizal, ko tsoron kar iskar damina ta kayar da shi kan gidajen mutane, duk waɗannan ai maganganu ne na hankali kuma da su aka kawo da ni zan fara sa hannu. Ashe ba nan aka dosa ba. Wani bawan Allah, mai digiri fa, ya zaro waya ya kunna mana odiyon nan da ke yawo a WhatsApp, inda wani ke ta rantse-rantse wai ƙarfen sabis na fitar da radiyeshon mai sa kansa, wato ciwon daji, yana sa mata ɓari, yana kashe ƙarfin maza. Dattawa na ta gyaɗa kai ana salati.

Odiyo dai mun saba da shi, gobe ma wani zai fito. Abin da ya tsaya min a rai shi ne a ƙofar gidan da muka shimfiɗa tabarma ɗin akwai tulin yashi da tifa ta juye, mai duhu-duhu da ɗan ƙyalli, irin wanda ake kwasowa daga wuraren wankin kuza saboda ya fi araha. Da shi maigidan zai yi filastar ɗakin da ɗansa zai saka amarya. Yara uku na birgima a kai muna taron yaƙi da radiyeshon.

Matsalar duk daga kalmar take. Mun ɗauki radiyeshon mun mai da shi buhu guda, mun zuba waya da ƙarfen sabis da hoton ƙashi na asibiti da bam ɗin Hiroshima a ciki mun ɗaure bakin, alhali abin da ya raba su sananne ne fiye da shekara ɗari, kuma a cikin ƙwayar zarra yake. Komai da ka sani, ruwa, tuwo, namanka, daga waɗannan ƙwayoyi aka haɗa shi. Kowace ƙwaya tana da cibiya mai nauyi a tsakiya inda furoton da niyutron suke cunkushe, sai ilektron da ke kewaye da ita daga waje, kuma su ilektron ɗin ne igiyar da ke ɗaure ƙwaya da ƙwaya har a samu sinadari. Radiyeshon ɗin, ko mu ce tururin, da ke jawo ciwon daji shi ne wanda ke da ƙarfin fizge ilektron daga jikin ƙwaya, in ya fizge igiya ta tsinke, in tsinkewar ta faɗa kan sinadarin gado na cikin ƙwayoyin jikinka, wato DNA, to nan ne ɓarna ke iya farawa. Kafin ka fizge ilektron ɗaya tilo na haidurojin sai ka zo da ƙarfi 13.6 a ma'aunin da masana ke kira ilektron-bolt. Igiyar 5G da ake amfani da ita a Najeriya, mai gigahaz 3.5 a ma'aunin igiyar rediyo, kowane ƙunshin makamashi nata ƙarfinsa bai kai haka ba da kusan ninki miliyan ɗaya. Miliyan fa, ba goma ba.

Na san mai musu zai ce ai ƙarfen dare da rana yake aiki, a hankali zai taru. Ba ya taruwa ta wannan hanyar, kuma wannan ne abin da Einstein ya bayyana tun 1905 har aka ba shi kyautar Nobel ta 1921 a kai: haske ƙunshi-ƙunshi yake zuwa, kuma kowane ƙunshi shi kaɗai yake karawa da ilektron. Ka tara yara dubu ƴan shekara biyu a gindin bishiyar mangwaro su wuni suna jifan wanda ke can ƙololuwa, in hannun kowannensu bai kai ba ko guda ɗaya ba zai faɗo ba, sai dai su tara maka duwatsu a gindi. Iyakar abin da igiyar rediyo ke yi in ta yi yawa sosai shi ne ɗumama abu, shi ya sa na'urar ɗumama abinci ke aiki, kuma abin da ke isowa ɗakinka daga saman ƙarfe bai kai ko kusa da hakan ba. Ƙwan lantarkin da ke rataye a ɗakinka, kowane ƙunshin haskensa ya ninka na 5G ƙarfi fiye da sau dubu ɗari, amma ban taɓa jin an kira taron unguwa a kan ƙwan fitila ba.

Mun manta ne da 2020? Lokacin da aka cika mana wayoyi da cewa 5G ce ta kawo korona, ana turo bidiyon yadda ake ƙona ƙarafan sabis a Ingila, alhali a lokacin ko fara sayar da 5G ba a yi a Najeriya ba, sai a Disambar 2021 hukumar sadarwa ta yi gwanjon lasisin, a 2022 aka fara aiki da ita. Ba wanda ya dawo ya ce jama'a ku yi haƙuri na tura muku ƙarya. Masu ɗan karatu a cikinsu kuma sai su ce ai hukumar binciken kansa ta duniya ta saka igiyar waya a rukunin 2B tun 2011. Gaskiya ne, rukunin "mai yiwuwa" ke nan, inda ruwan ganyen alobera ma yake zaune. Radon da toriyom kuwa, sinadarai biyu masu fitar da tururi, a rukuni na ɗaya suke, na abubuwan da aka tabbatar suna sa kansa, kuma su ne nake so mu yi magana a kai domin a ƙarƙashin ƙafarmu suke.

Garin nan kuza ce ta haife shi. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka buɗe haƙa a kan wannan tsauni, kakannin da yawa daga cikinmu leburancin kuza ya kawo su Gangare da Dilimi da Bukuru da Barikin Ladi, a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da ma'adinin kolumbait. Farashin kuza ya karye a 1985, manyan kamfanoni suka watse suka bar mana kududdufai da tsibin ƙasa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne in an wanke ƙasa an cire kuza da kolumbait, ragowar yashin mai nauyi yana ɗauke da ma'adinan monazait da zirkon, kuma cikin monazait akwai toriyom, akwai ɗan yuraniyom. Wanki da tacewa tattara su suke yi wuri guda, abin da Allah Ya warwatsa cikin dutse kaɗan-kaɗan mu muka haɗa shi tuli. Masana daga jami'o'in ƙasar nan sun sha zuwa da na'ura wurare irin su Bisichi su auna, sun samu tururin ya zarce na ƙasar gama-gari nesa ba kusa ba, sun rubuta, rubutun na can cikin mujallun Turanci ba wanda ya mai da shi odiyo.

Shi toriyom cibiyarsa ce ba ta da kwanciyar hankali. Furoton 90 ne cunkushe a cikinta, lokaci-lokaci sai ta tofar da wani guntu da ake kira alfa ta rikiɗe ta koma wani sinadarin, shi ma ya tofar ya rikiɗe, mataki goma kafin a ƙarshe a tsaya a dalma. Kowane guntun alfa na fitowa da ƙarfin miliyoyin ilektron-bolt, ka tuna 13.6 kawai ake buƙata. Wannan ba yaro ɗan shekara biyu ba ne a gindin mangwaro, ƙato ne da gatari. Kuma ba ya ƙarewa, kafin rabin toriyom ɗin da ke cikin tulin yashin nan ya rikiɗe sai an yi shekara biliyan 14, kusan ninki uku na shekarun duniyar kanta a lissafin masana. Ƙarfen sabis in an kashe janareto ya yi shiru. Wannan ba shi da makunni.

Abin mamaki game da alfa, duk ƙarfin nan nasa takarda ɗaya ta isa ta tare shi, fatar jikinka ma ta isa. Shi ya sa mai aikin kuza zai ce maka shekara talatin ina damƙar abin nan da hannu ban ga komai ba, kuma ba ƙarya yake yi ba. Haɗarin na farawa ne in ƙurar ta shiga ciki. Je ka wuraren da ake busar da kaya ana tacewa da injin maganaɗisu ka ga yadda ƙura ke tashi, samari da mata ba ko takunkumi, a nan za a ci abinci, a nan mai goyo za ta shayar, ƙurar ta sauka a huhu inda babu fatar da za ta tare komai, ta zauna tana harbi shekara da shekaru. Sannan a cikin matakan rikiɗar nan akwai wanda iska ne, radon, ba launi ba wari, yana tsattsafowa daga ƙasa da bango. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba sigari shi ne na gaba wajen jawo ciwon dajin huhu. A fili iska na kwashe shi ba komai, a rufaffen ɗaki yake taruwa, mu kuwa mutanen Jos kowa ya san yadda muke toshe taga da ƙofa har da tsumma a ƙasan ƙyaure in sanyin Disamba ya kankama. Banda tururin da ake kira gama, da wasu ƴaƴan toriyom ɗin ke fitarwa, wanda shi filasta ba ta tare shi.

Kar wani ya ɗauki wannan ya je ya haɗa sabon odiyo wai an ce a gudu daga Jos. Ban ce ba. Kowane ɗan Adam na shan tururi daga ƙasa da sama da abinci, har ayaba akwai ɗan nata, matsakaicin abin da mutum ke samu a shekara a duniya wajen milisibat 2.4 ne a ma'aunin tururi kuma lafiya lau ake rayuwa. Magana ce ta yawa da daɗewa, kuma ba kowane yashi ne na wankin kuza ba. Amma yawan nan auna shi ake yi, da na'urar da ba ta fi waya girma ba, ba da rantsuwa ba.

Kuma yanzu ne ma ya kamata a damu, don yashin da aka zubar da shi a matsayin shara ya zama kuɗi. Monazait na ɗauke da sinadaran da duniya ke rububi, irin su niyodimiyam da ake yin maganaɗisun motoci masu lantarki da lasifikar waya da shi, ita dai wayar da aka kunna mana odiyon. Ana ta tone tsofaffin tsibi, ana loda buhuna, wasu a cikin gida suke ajiyewa kafin mai saye ya zo, a ɗakin da yara ke kwana. Da gwamna Caleb Mutfwang na Filato ya dakatar da haƙar ma'adinai a farkon 2025, maganar tsaro da lasisi na fi ji ana yi, masu goyon baya da masu suka duka, huhun mai tacewa bai samu shiga muhawarar ba. Malesiya ƙasar kuza ce kamar mu, a garin Bukit Merah an kafa masana'antar tace monazait daga ragowar kuza a shekarun 1980, mazauna garin suka yi ta shari'a kan sharar toriyom da rashin lafiyar ƴaƴansu har aka rufe ta a farkon shekarun 1990, aikin binne sharar ya ci kimanin dala miliyan 100. Mu wa zai biya mana? In Malesiya ta yi nisa, Zamfara fa? A 2010 yara sama da 400 suka mutu saboda ana daka dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida. Dalma guba ce ba tururi ba, amma hanyar ɗaya ce, an shigo da aikin ma'adinai inda ake girki da renon yara, ba wanda ya san me ke cikin ƙurar sai da aka fara haƙa kaburbura.

Ni laifin ban ɗora wa Baba mai yashi ba, araha ya bi kamar kowa. Masu boko nake gani da laifi, mu da muka haddace sinadarai ashirin na farko daga haidurojin zuwa kalsiyam da waƙa don mu ci WAEC, muka rufe littafi, toriyom na can lamba 90 ba mu taɓa isa wurinsa ba duk da a kansa aka gina makarantar. Yaro zai gama sakandare a Bukuru ya zana maka ƙwayar zarra da da'irorinta tsaf amma bai san me ke cikin tsibin da ke bayan ajinsu ba. Muna da hukumar kula da harkokin nukiliya a Abuja da dokarta ta fito tun 1995, muna da cibiyar binciken makamashi a Zariya mai ƙaramin injin nukiliya da ke aiki tun 2004, ga Jami'ar Jos a cikin gari. Me zai hana a ɗauko na'ura a bi wuraren tacewa da masu sayar da yashi a auna, a faɗa wa mutane da Hausa da Berom a rediyo wane tuli ne na gini wane ne ba na gini ba, a jiƙa ƙura, a raba takunkumi, a hana ajiye buhu a ɗakin kwana? Ba sai an jira wani taron bita a otal ba.

A wurin taron na ɗaga hannu na ce Alhaji a gafarce ni, kafin mu kai ga ƙarfen nan, yashin da jikokinka ke wasa a kai daga ina aka kwaso shi? Ya dube ni ya yi murmushi ya ce Malam yashi ai yashi ne, da shi iyayenmu suka yi gini. Mai digirin ya ce kar a kauce daga abin da ya tara mu. Aka zagaya da takarda aka sa hannu, aka ɗauki hotonta da waya, sai da yaron da aka ba aikin turawa ya fita bakin titi yana ɗaga hannu sama saboda sabis ba ya kamawa a layin namu. Ranar Litinin da safe na wuce na ga magina sun fara kwaɓa siminti.