GPS ɗin da ya ƙi barin Amurka

Mai jirgin saman ne ya sayo GPS na gwanjo daga Amurka, Garmin GNS 430, irin wanda aka fara fitarwa tun 1998, ya kawo mana hanga, rumfar da muke gyaran jirage, yana washe baki wai ya samu arha. Da muka buɗe kwalin sai muka ga dalilin arhar, kan GPS ɗin kawai aka turo, ba tire ɗin da ake zura shi a fanel (allon gaban matuƙi), ba filogin baya. Sai da aka sake odarsu daban.

Oga ya miƙo min zanen wayarin yace tunda ni ne siriri ni zan shiga ƙarƙashin fanel. Cessna 172 ce tsohuwa, ta kafin 1978, wutarta bolt 14, don haka sai da muka tabbatar kan zai karɓa tukuna. To ku hango ni, kai a ƙasa wajen feda, ƙafafu a kan kujerar matuƙi, tocila a baki, ina cusa wayoyi cikin filogi mai ramuka 78 kuma duk wayoyin farare ne, wallahi ko ɗaya ba mai wata kala, zufa na gangarowa cikin hancina.

Muka kunna. Allo ya kawo tas, na fara jin kaina injiniya. Sai taswira ta nuna wai muna Fulorida. Ashe in bai kama satalayit ba, inda aka kashe shi a ƙarshe yake nunawa, kuma sai ya samu aƙalla 4 kafin ya san inda yake har da tsayi. Namu ko ɗaya bai gani ba.

Oga yace eriya ce. Na koma ciki na kwance kebul, na gwada da mita, lafiya lau. Yace to fin ɗin filogin ne, na sake bin su ɗaya bayan ɗaya har wuyana ya sage, mai jirgi yana ta kiran waya yana tambaya ko mun ƙona masa kaya.

Baba maigadi da ya shigo ɗaukar buta ya tsaya yana kallonmu, can yace “Yallaɓai, ni dai dish ɗin gidana a waje yake.” Duk muka ɗaga kai muka kalli rufin kwano.

Muka turo jirgin waje, ba a jima ba abin ya dawo Najeriya. Oga ya gyara tsayuwa yace dama shi ma abinda yake shirin faɗa kenan, sannan ya aike ni in sayo wa Baba goro, da kuɗina.